Ƙaramar Hukumar Kura: Yanayin Tattalin Arziki da Zamantakewar Jama'a

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Kura tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Hedikwatarta tana garin Kura, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Zariya. Tana maƙwabtaka da ƙananan hukumomin Dawakin Kudu, Bunkure, Garun Malam da Madobi, kuma faɗin ƙasarta ya kai kimanin murabba'in kilomita 200. Bisa ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, mutanen da ke zaune a cikinta sun haura 140,000, kuma sun ƙaru ƙwarai daga wancan lokaci zuwa yau.

Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu 10, wato Dalili, Ɗan Hassan, Dukawa, Gundutse, Karfi, Kosawa, Kura, Kurunsumau, Rigar Duka da Tanawa. Tana cikin mazaɓar Sanatan Kano ta Tsakiya, sannan ita da Madobi da Garun Malam wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. Mafi yawan mazaunanta Hausawa ne da Fulani, kuma sha'anin mulkin gargajiya yana hannun hakimi da dagatai da masu unguwanni.

Abin da ya bambanta Kura da yawancin yankunan karkara na jihar shi ne ruwa. A wurare da dama manomi yakan yi aikin wata huɗu ko biyar, sannan ya jingine fartanya sai wata damina, amma a Kura ana noma rani da damina. Saboda haka arzikin yankin, da cututtukansa, da rigingimunsa, da abin da ake fata a kansa nan gaba, duk suna rataye ne a kan magudanan ruwan da suka taso daga madatsar Tiga.

Yanayin Ƙasa

Ƙasar Kura shimfiɗaɗɗiya ce, tana gangarawa a hankali zuwa kwarin Kogin Kano. Akwai jigawa mai yashi-yashi a kan tudu, akwai kuma ƙasa mai laka a fadamu da wuraren da ruwa ke kwanciya. Damina takan kankama a watan Yuni ta ƙare a ƙarshen Satumba, kuma ruwa ya fi yawa a watan Agusta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ne, wanda sanyinsa ya dace da alkama da tumatir da albasa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa bazara ce, lokacin da zafi ke tsananta, buƙatar ban ruwa ta ƙaru, tsutsa da sauran ƙwari su yawaita a gonaki.

Taƙaitaccen Tarihin Sana'o'i

Tun kafin a san Kura da shinkafa, an san ta da rini. A ƙarni na 19 garin yana cikin manyan cibiyoyin rini da bugu na ƙasar Kano, kuma daga sunansa ne aka samo sunan rawanin nan baƙi mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye da sarakuna suke ji da shi. Sana'ar ta haɗa mutane iri-iri: manomi ya noma auduga da baba, mata su yi kaɗi, masaƙa su saƙa siraran ƙyallaye, maɗinka su harhaɗa, marina su tsoma a karofi, sannan mabuga su buge shi da shuni har ya yi ƙyalli. Fatake su ne suke kai shi arewa har cikin Sahara. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna isa har Timbuktu da Tarabulus.

A ƙarni na 20 shigowar yadin Turai da rinin kanti ya rage wa wannan sana'a ƙarfi, ko da yake ba ta mutu ba, domin har yanzu akwai gidajen da suka riƙe ta. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hanyar samun kuɗi ga manoman ƙasar Kano. Ita ma ta durƙushe sakamakon farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka mata a 1975. A daidai wannan lokaci ne noman rani na zamani ya shigo yankin.

Aikin Noman Rani na Kogin Kano

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma an tsara ta ne domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An fara gwajin noman rani a Kadawa, wadda yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Garun Malam, daga nan aka faɗaɗa aikin. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta, kuma ita ce take kula da madatsar da manyan magudanai har yau.

Ruwan yana tasowa daga Tiga ta babbar magudana, ya bi ta tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma. Daga waɗannan rassa ne ƙananan magudanai suke ɗiba su kai bakin gonaki a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Babbar fa'idar tsarin ita ce ruwan yana gangarowa ne da kansa, ba ya buƙatar inji ko mai, don haka manomin da gonarsa take cikin tsarin ya fi mai jan ruwa da injin ban ruwa sauƙin kashe kuɗi. An tsara kashi na farko na aikin a kan hekta 22,000, amma abin da aka kammala shimfiɗawa kimanin hekta 15,000 ne.

Wani abin lura shi ne, gwamnati ba ta mayar da gonakin mallakarta ba. An auna su, an baje su, an fitar da hanyoyi da magudanai, sannan aka mayar wa masu su. Wannan ya sa ƙananan manoma su ne ƙashin bayan aikin. Sai dai rabon gado na shekara da shekaru ya sa gonakin sun ƙanƙance, darajar ƙasa kuma ta tashi, har haya da jingina suka yawaita. Matashin da bai gaji gona ba, sai dai ya yi haya ko ya yi ƙwadago.

Da tafiya ta yi nisa, yashi da laka suka cike magudanai da dama, ciyawar kacala ta toshe wasu, ƙofofin ruwa suka lalace. Waɗanda suka fi cutuwa su ne manoman da gonakinsu suke can ƙarshen magudana, domin kafin ruwa ya iso gare su na sama sun riga sun ɗebe. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na Gwamnatin Tarayya, wanda a ƙarƙashinsa aka yashe magudanan aikin Kogin Kano, aka gyara ƙofofi da hanyoyin gona, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Manufar tsarin ita ce hukuma ta riƙe madatsa da manyan magudanai, manoma kuma ta hanyar ƙungiyoyinsu su riƙe ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa, su tsara rabonsa.

Har ila yau, ya kamata a sani cewa ruwan Tiga ba na Kura kaɗai ba ne. Birnin Kano yana shan wani kaso daga cikinsa, sauran kuma yana gangarawa Kogin Haɗeja zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya na jihohin Jigawa da Yobe suka dogara da shi. Duk ruwan da aka bari ya malale a banza a nan, wani aka hana a can.

Amfanin Gona

Da damina shinkafa ce ta mamaye gonakin da ke cikin tsarin ban ruwa, a kan tudu kuma ana noma dawa, gero, masara da wake. Da rani ana noma tumatir, albasa, attaruhu, tattasai, alkama, ɗanyar masara, kankana da sauran kayan lambu, wasu kuma su sake yin shinkafa. Daga cikin irin shinkafar da manoma suka fi sabawa da shi akwai FARO 44, wadda aka fi sani da Sipi, saboda saurin nunarta da yawan abin da take bayarwa.

Tun farko alkama aka fi sa wa rai a wannan aiki. Ta samu karɓuwa sosai lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da ita daga waje a 1987, amma da aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990 sai farashinta ya faɗi, manoma da yawa suka koma kayan lambu da shinkafa. Irin haka ta faru ga shinkafa ita ma. Shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun ɗaga darajar shinkafar gida. A 2024 kuma aka sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci, kuma a 2025 farashin shanshera ya sauka alhali kuɗin taki bai sauka ba. Darasin da ke cikin wannan shi ne, ribar manomin Kura ba a gona kaɗai ake yanke ta ba, manufofin da ake tsarawa a Abuja suna da hannu a cikinta. Manomin da ya raba ƙafa tsakanin amfani biyu ko uku ya fi samun kariya a kan wanda ya zuba jarinsa duka a kan abu ɗaya.

Sarrafa Shinkafa da Kasuwanci

Garin Kura yana cikin manyan wuraren gyaran shinkafa na Jihar Kano. Akwai ƙananan injinan casa masu yawa a cikin garin da kewayensa, kuma ba shinkafar yankin kaɗai suke gyarawa ba, har da shansherar da ake sayowa daga wasu jihohi. Wannan sana'a ta samar da aiki ga masu gumi, masu shanya, masu inji, 'yan dako, dillalai, masu ɗinkin buhu da direbobi. Mata suna da babban kaso a cikinta, domin yawancin aikin turara shinkafa a cikin gidaje ake yin sa, kuma daga nan ne mata da yawa suke samun jari da kuɗin adashi da na kayan ɗakin 'ya'yansu.

Abubuwan da ke rage wa shinkafar yankin daraja a kasuwa sanannu ne: tsakuwa, karyewar ƙwaya, da rashin daidaiton launi. Tushensu shi ne shanya a ƙasa ko a gefen titi, da turarawa a tukunyar da shinkafa ke nutsewa cikin ruwa maimakon tururi ya dafa ta. Yin amfani da tukunya mai rariya a ciki, da shanya a kan tamfol ko dandamalin siminti, da injin cire tsakuwa, suna ƙara farashin buhu ba tare da an ƙara ko taƙi ɗaya na gona ba. Haka kuma buntun shinkafa da ake tarawa a bayan injina yana iya maye gurbin itace wajen turarawa, wanda zai rage sare bishiyoyi.

Tumatir kuwa matsalarsa daban ce. Yawancin manoma lokaci ɗaya suke dasawa, lokaci ɗaya suke ɗiba, don haka tsakanin Janairu da Maris kaya sukan yi yawa a kasuwannin bakin hanya irin su Kwanar Gafan da ke Garun Malam, har kuɗin kwando ya kasa biyan kuɗin ɗiba da na mota. Daga nan ake lodi zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano da kasuwannin Legas da sauran biranen kudu, kuma wani kaso yakan ruɓe a hanya. Abin da ya rage sai a yanka a shanya a yi kauɗa. A 2016 aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka tsara ta sarrafa tan 1,200 a kowace rana, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a duk shekara. A wannan shekarar ce kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suke kira Sharon, ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano da maƙwabtanta, kuma tana sake ɓullowa idan zafi ya shigo.

Kiwo ma yana da muhimmanci. Gidaje da dama suna turke shanu da raguna da harawa da dusa, makiyaya kuma suna shigowa bayan girbi domin tattaka da karan gona. Da yake gonakin ba sa hutawa, burtali da mashaya sun matse, kuma nan ne tushen yawancin saɓanin da ke tasowa tsakanin manoma da makiyaya.

Hanyoyi, Lantarki da Ruwan Sha

Babbar hanyar Kano zuwa Zariya, wadda aka fara sake ginawa a 2018, ita ce jijiyar kasuwancin yankin, kuma garuruwan da ke bakinta irin su Kura da Karfi sun fi sauran bunƙasa. Ƙauyukan da ke ciki kuwa sun dogara da hanyoyin burji da na gefen magudanai, waɗanda sukan lalace da damina, kuɗin fito da kaya ya ƙaru. Rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa injinan casa da yawa suna aiki da man dizal. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu ban ruwa da inji a wajen tsarin magudanai sun ji jiki, kuma wasu sun koma amfani da iskar gas ko hasken rana.

Yawan ruwan noma ba ya nufin wadatar ruwan sha. Ruwan magudana yana ɗauke da ragowar taki da maganin feshi da ƙazanta, bai dace da sha ba. Rijiyoyin burtsatse su ne abin dogaro, kuma abin da ya fi kashe su shi ne rashin kwamitin da zai tara ɗan abin gyara idan famfo ya lalace.

Ilimi

Akwai makarantun firamare da na sakandare na gwamnati, da makarantun Islamiyya da na allo a faɗin ƙaramar hukumar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Gwamnatin Jihar Kano ta ƙaddamar da manufar ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024.

Babban ƙalubalen ilimi a Kura yana da alaƙa da arzikinta. Da yake aikin kuɗi yana samuwa kusan kullum, yara sukan bar aji lokacin dashe, korar tsuntsaye, ɗibar tumatir da girbi, 'yan mata kuma su tafi talla ko shanya. Abin da yaro zai samu a yini yana da amfani ga gida, amma noman da ake yi yanzu yana buƙatar wanda zai iya karanta umarnin da ke jikin kwalbar magani, ya lissafa kuɗin da ya kashe, ya fahimci takardar rance kafin ya sa hannu. Kwamitocin kula da makarantu da masu unguwanni suna da rawar takawa wajen ganin yara sun yi aikin gona bayan an tashi daga makaranta, ba a madadinta ba.

Kiwon Lafiya

Akwai babban asibiti a garin Kura, da ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani a mazaɓu. Cututtukan da suka fi damun yankin suna da nasaba da ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya ƙarewa da ƙarewar damina, domin ruwan da ke kwance a gonaki da toshewar magudanai yana ba sauro wurin hayayyafa. Tsargiya, wadda alamarta ita ce fitsarin jini, tana kama masu wanka da wanki da aiki a cikin magudanai, musamman yara maza. Wani ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a cikin ciyawar ruwa ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, kuma fitsarin mai cutar ne yake mayar da ita cikin ruwa. Tana da magani, ana kuma raba shi a makarantu, don haka bai kamata a ɗauke ta a matsayin alamar balaga ba. Akwai kuma haɗarin maganin feshi ga masu fesawa ba tare da rufe hanci da jiki ba, da masu wanke tankin feshi a magudana, da masu zuba ruwa ko mai a cikin tsofaffin jarkokin magani.

Rabon Nauyi

Sanin inda za a kai kowace buƙata yana rage ɓata lokaci. Madatsar Tiga da manyan magudanai da jadawalin sakin ruwa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Yashe ƙananan magudanai, tara kuɗin ruwa da sasanta rabonsa aikin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ne. Malaman gona suna ƙarƙashin hukumar KNARDA ta jiha. Kasuwanni, ƙananan hanyoyi, tsaftar muhalli da tallafa wa makarantun firamare da ƙananan asibitoci suna cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, na a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara jaddada wannan nauyi. Rikicin iyakar gona da na ɓarnar dabbobi kuwa ana fara kai shi ne gaban mai unguwa da dagaci.

Kammalawa

Kura ta samu abin da yankuna da yawa suke nema, wato ruwa mai gangarowa da kansa, hanya mai kyau, da babbar kasuwa kusa da ita. An riga an ga yadda magudanan suka lalace sau ɗaya saboda rashin kulawa, an kuma ga irin maƙudan kuɗin da gyaransu ya ci. Abin da ya rage shi ne a biya kuɗin ruwa a kan lokaci, a yi gayyar yashe magudanai kafin kowace kaka ta noma, a daina fasa bango domin satar ruwa, a kuma tabbatar na ƙarshen layi ya samu rabonsa. Idan aka haɗa wannan da inganta gyaran shinkafa, da tsara lokacin dashen tumatir, da tura yara makaranta, da samar da tsabtataccen ruwan sha, arzikin da ake samu a gona zai bayyana a cikin gidajen mutanen yankin.